Kafin mu kai yara Gidan Makama, mu malamai mu fara shiga

'Yan uwa malamai, tun da aka mayar da darasin tarihi cikin manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare ake ta yaba wa hukuma a kan wannan mataki, kuma yabon ya dace. Sai dai akwai tambayar da masu yabon ba su cika tsayawa a kanta ba, mu kuwa da ke riƙe da alli ba mu da halin kauce mata: wane ne zai koyar da darasin, kuma da me zai koyar?

Daga shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa, aka narkar da ɗan abin da ya rage a cikin darasin zamantakewa. Yaron da ya shiga ƙaramar sakandare a wancan lokaci, yau ya doshi shekara talatin. Da yawa daga cikin irinsa sun gama kwalejin ilimi, sun karɓi takardar NCE, ga su nan tare da mu a ɗakin malamai, kuma su ake miƙa wa jadawali a ce su shiga aji huɗu su koyar da abin da ba a koya musu ba. Ba laifinsu ba ne. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da horar da malaman tarihi 3,700, wato ɗari ɗari daga kowace jiha da Abuja. A jiha mai ƙananan hukumomi 44 kamar Kano, in aka raba ɗari, kowace ƙaramar hukuma malami biyu za ta tashi da su, sai 'yan kaɗan su rage. Mu ma da muka riga su shiga aikin, ban da wanda ya ɗauki fannin musamman, abin da aka ba mu na tarihin ƙasar nan a kwaleji bai taka kara ya karya ba.

Alhali ga Gidan Makama a tsakiyar birni, daura da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon hawan Daushe ya gifta ta kusa da shi. A tambayi ɗakin malamai na kowace makaranta a cikin birni, su nawa ne suka taɓa wuce zauren gidan suka shiga ciki, za a ga hannuwan da za su tashi ba su da yawa. Ni a ganina, wannan gida shi ne kwalejin horon da ba a ba mu ba, kuma ƙungiyarmu ce ta fi cancanta ta kai mu can, mu kaɗai, ba tare da yara ba, kafin a yi maganar kai ɗalibai.

Dalilin cewa malami ya fara shiga shi kaɗai a fili yake ga duk wanda ya taɓa raka yara yawon buɗe ido na makaranta. An san yadda abin ke gudana. A cika bas da yara sittin ko saba'in, a isa rana ta take, a jera su biyu biyu, jami'in gidan yana gaba yana bayani, na gaba goma suna ji, sauran suna ture-ture, malami yana baya yana ƙirga kawuna kada wani ya ɓace. Cikin rabin sa'a an zagaye ɗakunan an fito, a raba biskit da ruwan leda, a ɗauki hoto a bakin ƙofa, a koma. Washegari in ka tambayi yaro me ya gani, sai ya ce ya ga tsofaffin tukwane. Kuɗin iyaye sun tafi, ranar karatu ta tafi, darasi bai samu ba. Malamin da bai san abin da ke cikin gidan ba, ba zai iya shirya yaro ya san abin da zai duba ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya shiga a tsanake kuwa, zai tarar gidan kansa shi ne darasi na farko tun kafin a kai ga kayan da ke ciki. Ginin ya samo asali ne tun ƙarni na 15, ana kuma danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, ya zauna a nan kafin ya gina gidan sarautar da har yau ke amsa sunansa. A zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi, aka faɗaɗa ganuwar da aka fara tun zamanin Gijimasu, kuma a zamaninsa Shehu Maghili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan haƙƙoƙin da ke wuyan mai mulki. Waɗannan duk ana iya rubuta su a allo yaro ya haddace. Amma tsayar da yaro a cikin soron da ke da alaƙa da mutumin da ake magana a kansa, a ce masa ɗaga kanka ka dubi rufin nan, wani abu ne daban. Zai ga bakan gizo, ya ga yadda aka jera azara, ya taɓa katanga ya ji kaurinta, ya ji sanyin ɗakin alhali waje rana na ƙuna. Daga nan malamin kimiyya ya sami abin faɗa: me ya sa ginin ƙasa mai kauri ke riƙe sanyi da rana, ɗakin kwano da bulo kuwa ya zama tanda? Me ya sa magina suka zaɓi giginya don yin azara, suka bar itatuwan da gara ke cinyewa? Mece ce makuba, kuma yaya aka yi ɓawon ɗorawa ya zama abin kare gini daga ruwan sama? Yaranmu da yawa suna tasowa da tunanin cewa ginin ƙasa alamar talauci ce kawai. Sa'a guda a cikin wannan gida ta isa ta girgiza wannan tunani.

Haka nan ƙyamaren ƙofofin gari da aka adana a gidan. Yaro yana jin Kabuga kullum a bakin kwandastan mota da masu adaidaita sahu, a wurinsa sunan tasha ce. Bai san cewa ƙofa ce ta gaske mai ƙyaure da ake rufewa da dare ba, balle ya san cewa ta nan sojojin Ingila suka kutsa birnin ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Malamin da ya tsaya gaban irin wannan ƙyaure ya dube shi da kyau, ba zai ƙara koyar da zuwan Turawa a matsayin layi biyu na haddacewa ba. Zai yi wa yara tambayoyin da shi ma suka taso masa. Su wane ne suka ƙera shi? Mutum nawa ke tura shi? Ganuwar da ta tsare gari ƙarni da ƙarni daga mahaya da 'yan baka, me ya sa ta kasa tsayawa gaban igwa a yini ɗaya? Bayan cin garin, Turawa sun yi amfani da Gidan Makama ɗin kansa wajen gudanar da mulkinsu, don haka gini ɗaya ya haɗa wa malami zamanin Rumfa da zamanin Lugga.

A nan zan ɗan ratse in yi magana da malaman Hausa, domin ina ganin su ne za su fi kowa cin riba. Harshenmu cike yake da kalmomin da kayansu suka ɓace daga idon yara. Yaro yana cewa mota mai sulke, bai taɓa ganin sulke ba. Yana kiran hular ɗan acaɓa kwalkwali, bai san asalin kwalkwali na mayaƙi ba ne. Lifidi kuwa, in bai taɓa kallon hawa da mai yi masa bayani ba, ko sunan bai sani ba. Muna karanta musu labarai masu ambaton adudu da taskira da fantimoti da jeren amarya, muna fassara musu Hausa da Hausa, suna gyaɗa kai don ladabi. A ɗakin da aka shirya irin na amaryar da, da wurin da aka ajiye kayan doki da na yaƙi, da na kiɗa da na sana'o'i, kalma takan haɗu da abinta, kuma daga ranar ba ta ƙara kuɓuce wa yaro. Ko kalmar kuɗi da muke furtawa sau ɗari a yini, jam'in wuri ce, kuma da wuri kakanninmu suka yi ciniki a Kurmi, keso guda wuri dubu ashirin. Malamin lissafi da ya ɗauki wannan ya ce yara su ƙirga keso nawa ne a wuri dubu ɗari, ya koyar da rabawa da tarihi a darasi ɗaya, sannan ya bi da su ta anini da sisi da sule har zuwa 1973 da naira ta shigo.

Na san akwai masu ja da baya, kuma uzurinsu ba na banza ba ne. Na farko shi ne wanda wasu iyaye ke faɗa a ɓoye, wasu a fili: gidan tarihi gidan gumaka ne, ba za a kai musu 'ya'ya can ba. Bai kamata malami ya yi wa wannan magana dariya ba, domin mai yin ta tarbiyyar ɗansa yake karewa. Abin da ya kamata shi ne malami ya iya ba da amsa, kuma ba zai iya ba sai ya shiga ya gani. Zai iya gaya wa uba cewa abin da ya fi yawa a Gidan Makama kayan kakanninsa ne: kayan noma da saƙa da ƙira da jima, alluna da rubuce-rubucen malamai, hotunan sarakuna da taswirar ganuwa. Zai iya tuna masa cewa labarin Barbushe da Tsumburbura a kan Dala malamai Musulmi ne suka rubuta shi da Larabci suka bar mana, ba don a koma bautarsu ba, sai don a san daga ina aka fito kafin Wangarawa su iso a zamanin Sarki Yaji. Littattafan addininmu, na Musulmi da na Kirista, cike suke da labarin al'ummomin da suka shuɗe da umarnin a yi tunani a kansu. Duba abu don a san shi daban, girmama shi don a bauta masa daban, kuma yaro ɗan aji biyar yana iya fahimtar wannan bambanci in an yi masa bayani da natsuwa. Amma a riƙa yin bayanin a taron iyaye da malamai tun kafin a aika takardar neman izini, kada uba ya fara jin labarin daga bakin ɗansa.

Uzuri na biyu kuɗi ne da tsaro, kuma ya fi na farko nauyi. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wanda ke jiran ƙarin girma shekara da shekaru, in ka ce masa ya je gidan tarihi, yana da damar ya dube ka sheƙeƙe. Halin da hanyoyinmu ke ciki kuma bai bar wa shugaban makaranta mai hankali damar ɗibar yaran mutane ya yi doguwar tafiya da su ba. Ni ma ba na goyon bayan a yi hakan yanzu, duk da cewa akwai abin gani a nesa da ke sa mutum kwaɗayi. A Jos akwai gidan tarihin da aka buɗe a 1952, inda aka tara sassaƙen yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, waɗanda suka haura shekara dubu biyu. A gefensa an gina kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. A Damaturu akwai kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, aka auna shekarunsa aka tarar sun kai kimanin dubu takwas, wato yana cikin mafiya daɗewa da aka taɓa samu a duniya. A gidan tarihi na Legas akwai motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, mutumin da kabarinsa ke nan Kano. Waɗannan sai Allah ya kawo sauƙi. Amma rashin iya zuwa Jos ba hujja ba ce ta ƙin zuwa Ƙofar Kudu. Malamin da ke Gwale ko Dala ko Fagge kuɗin adaidaita sahu kawai zai kashe, kuma wannan reshe yana iya ɗaukar wa membobinsa na nesa kuɗin mota daga abin da ake cira a albashinmu duk wata.

Makarantun karkara su ne suka fi buƙatar malaminsu ya je, domin yaransu ba lallai su sami zuwa ba. Malami ɗaya da ya shiga ya nemi izini ya ɗauki hotuna da wayarsa, ya rubuta bayani a littafinsa, ya ɗauko wa yara ɗari biyu gidan tarihi ya kai musu har aji. Kuma in ya dawo zai fara ganin ƙauyensa da wani ido. Tsohuwar da ke da mazari da abawa a ƙarƙashin gado, maƙerin da ke da zugazugin kakansa, limamin da ke da tsohon kundi a gafaka, duk ɗakunan tarihi ne da ba a rubuta musu suna ba. Ana iya aron kayan a ajiye a kusurwar aji na mako guda a mayar wa masu su, a gayyaci mai kayan ya zo ya yi bayani da bakinsa. Sai dai a ja kunnen yara, kada wannan ya sa su shiga tonon kufai. Abin da aka tono ba bisa ƙa'ida ba ya rasa rabin labarinsa, domin zurfin da aka same shi da abin da ke kewaye da shi su ke gaya wa masana shekarunsa. Dokar ƙasa ma ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su waje ba da izini ba. Haka aka yi asarar ɗimbin sassaƙen Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina, 'yan tono suka sayar a kan kuɗi ƙalilan, suka ƙare a kasuwannin Turai.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka yi shelar dawo da kayan tarihi daga waje. Jamus ta miƙo wasu daga cikin tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, a watan Disamba na 2022, Holan kuma ta dawo da guda 119 a 2025. Mun yi murna, kuma haƙƙinmu ne aka dawo mana da shi. Amma masu ƙin dawo da sauran kullum hujjarsu ita ce ba za mu kula da su ba, kuma babu mai zuwa kallonsu. Hujjar ta son zuciya ce, domin ɓarawo ba shi da bakin gindaya wa mai kaya sharaɗi. Duk da haka, al'ummar da malamanta ba sa shiga gidan tarihin da ke unguwarsu tana ba mai wannan hujja abin kamawa. Gidan da ba a ziyarta kasafinsa ne ake fara yankewa, kuma in rufinsa ya fara yoyo babu mai ɗaga murya.

Ba ina cewa duk abin da ke gidajen tarihinmu daidai yake ba. Bayanan da ake liƙawa jikin kaya galibi da Turanci suke, a garin da yaro ke tunani da Hausa. Labarin da ake bayarwa ya fi karkata ga sarakuna da mayaƙa da Turawan mulki. Bayin da suka noma gandayen sarauta, matan da suka kaɗa zaren da marina suka rina har Kano ta yi suna a hamada, talakan da ya biya haraji da jangali, ba kasafai ake jin muryarsu ba. Cike wannan giɓi aikin malami ne. Shi zai tsaya gaban alkyabba ya tambayi yara wa ya noma audugar, wa ya saƙa, wa ya ɗinka, nawa aka biya shi. Shi zai haɗa abin da aka gani a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, da kuma gidan Mumbayya na Malam Aminu Kano, wanda kafin ya zama ɗan siyasa malamin makaranta ne kamarmu, kuma yana cikin waɗanda suka fara haɗa kan malaman Arewa a ƙungiya. Tarihin sana'armu ma yana cikin garin nan a warwatse, ba mu tattara shi ba.

Abin da nake roƙon shugabannin reshe su sa a ajandar taro mai zuwa ba shi da tsada. A rubuta wa hukumar Gidan Makama takarda a nemi rana guda a kowane zangon karatu ta malamai zalla, a riƙa zuwa rukuni rukuni, kada rukuni ya wuce mutum ashirin, a kuma nemi jami'in sashen ilimi na gidan ya zauna da mu bayan zagaye mu yi masa tambayoyi. Kowane malami ya zaɓi abu ɗaya tak daga abin da ya gani, ƙyaure ne ko sulke ko allo ko tukunya, ya rubuta shirin darasi na minti talatin da biyar a kansa, da Hausa, daidai da ajin da yake koyarwa. Wannan mujalla ta ware shafi ta riƙa buga mafiya kyau, yadda malamin da ke Tudun Wada ko Gwarzo zai yanke ya yi amfani da shi. In aka yi zango uku ana haka, za mu sami darussa da dama da mu muka rubuta, kuma za mu iya miƙa wa hukumar gidan fassarar Hausa ta bayanan kayansu a matsayin gudummawar ƙungiya.

Bayan nan ne za a kai yara, aji ɗaya a rana, kowane yaro da tambayoyi uku a littafinsa da zai nemo amsarsu, malaminsa kuma ya riga ya san ɗakin da za a daɗe da wanda za a wuce. Ranar 18 ga Mayu ce ranar gidajen tarihi ta duniya, tana kuma faɗowa a zango na uku. In reshe ya amince da wannan shawara a taronsa na gaba, rukunin malamai biyu za su iya zuwa kafin lokacin, sai a sa ziyarar farko ta ɗalibai a wannan mako.